Rahoton ayyukan shekara: aikinmu kan ƙananan garuruwan da masana'antu suka rufe suka bari

Ya ku mambobi masu girma, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa, da abin da ya rage a gabanmu.

Za ku tuna doguwar muhawarar da aka yi a babban taron bara kan inda za mu sa ƙarfinmu. Wasu na ganin mu bi ofisoshi da masu zuba jari har a samu wanda zai sake buɗe masana'antun da suka rufe. Wasu suka ce kafin nan mu fara sanin abin da masana'antun suka bar mana. Ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye, kuma a kansa muka shafe shekarar.

Babban aikinmu shi ne ƙidayar kangaye. Kowane reshe ya karɓi takardar cikewa, ya bi tsofaffin gine-ginen masana'anta da filayensu ɗaya bayan ɗaya yana amsa tambayoyi: na wane ne a takarda, me aka sarrafa a ciki, rufin yana nan ko ya rufta, ruwa da wuta suna isa wurin? Mun nace cewa kowace tawaga ta tafi da tsohon ma'aikacin wurin, kuma wannan sharaɗin ya biya mu. A wani reshe, wani dattijo da ya yi aiki a sashen wanke ƙarfe ya ja matasan zuwa bayan ginin, ya nuna musu wani fili da ciyawa ba ta fitowa duk ruwan da za a yi, ya ce nan ake juye ragowar ruwan asid idan an tashi aiki. Filin nan kuwa shi reshen ya riga ya zaɓa don yin lambu. Babu taswirar da ta nuna abin da dattijon ya sani.

Daga nan kwamiti ya kafa ƙa'ida, muna kuma roƙon kowa ya riƙe ta da gaske: ba lambu, ba filin wasan yara, ba rijiya a tsohon filin masana'anta sai an kai ƙasarsa da ruwansa ɗakin gwaji. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam ba sa ruɓewa. Suna zama a ƙasa shekara da shekaru, su shiga ganyen da aka shuka, su hau hannun yaro mai wasa da turɓaya, kuma illar dalma ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gyaruwa.

Tambayar mallaka ce ta fi ci mana lokaci. Kamfani ya rushe, banki na riƙe da takardun a matsayin jingina, masu bin bashi na kotu, ginin kuma na ta lalacewa. Gine-gine da dama da muka so a ba masu ƙananan sana'o'i haya har yanzu suna kulle saboda haka. Lauyoyin da ke cikinmu suna bin kowane fayil kyauta, Allah ya saka musu da alheri.

Zaman karatu na wata-wata ta intanet ya ci gaba, kuma bana mun duƙufa kan garuruwan da suka riga mu shiga wannan hali. Wanda ya fi girgiza mu shi ne Yubari, garin haƙar kwal a tsibirin Hokkaido na Japan. A 1960 mutanensa sun haura 110,000. Mahaƙarsa ta ƙarshe ta rufe a 1990. Hukumar garin ta karɓi ɗawainiyar gidaje da asibiti da ruwan sha da kamfanin kwal ya bari, sannan ta ci bashi mai nauyi ta zuba a wuraren shaƙatawa, da fatan 'yan yawon buɗe ido za su maye gurbin kwal. Baƙin ba su zo yadda aka ƙiyasta ba. A 2007 garin ya shiga hannun gwamnatin ƙasar a matsayin wanda ya tsiyace, da giɓin yen biliyan 35 da ɗoriya da sai ya biya. Aka ƙara haraji, aka rage ma'aikata, aka haɗe makarantu har firamare ɗaya ta rage, asibitin gari ya koma ƙaramin asibiti. Yau mazauna Yubari ba su kai 10,000 ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk reshen da hukumar garinsa ta zo da babban aikin da bashi ne tushensa, baƙi kuma su ne ake sa ran za su biya, to ya nemi ganin lissafin kafin ya yi tafi.

A gefensa muka ajiye Loos-en-Gohelle, ƙaramin gari a arewacin Faransa mai mutane ƙasa da 7,000, wanda mahaƙarsa ta rufe a 1986. Mutanen garin sun ƙi yarda a baje tsaunukan tarkacen kwal da ake kallo a matsayin abin kunya, suka ce gumin iyayensu ne. A 2012 UNESCO ta sa yankin haƙar kwal na Nord-Pas-de-Calais, har da waɗannan tsaunuka, cikin wuraren tarihi na duniya. A zamanin magajin gari Jean-François Caron, wanda ya hau a 2001, an gyara gidaje don rage kuɗin ɗumama su, an shimfiɗa allunan sola a rufin cocin garin, tsohuwar harabar mahaƙar ta zama mazaunin cibiyoyin gini mai tsimin makamashi da na al'adu. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsarinsu na rabi-da-rabi: mazauna unguwa su kawo shawarar aiki, hukuma ta ba da kaya da ƙwararru, su kuma su yi aikin su ci gaba da kula da shi. Garin bai rabu da talauci ba har yau, amma mutanensa suna da hannu a abin da ake yi musu, kuma aikin da mutum ya sa hannunsa ba ya barin sa ya lalace.

Injiniyoyinmu sun gabatar da Heerlen ta Holan, inda aka daina haƙar kwal a 1974. Ramukan sun cika da ruwa, ruwan can ƙasa kuma yana da ɗumi. Tun 2008 ake jawo shi ana ɗumama gine-gine, na kusa da sama mai sanyi kuma ana sanyaya su da shi. Ba kowane gari ke da irin waɗannan ramuka ba. Mun dai ƙara layi a takardar ƙidaya don a riƙa rubuta bututu, rijiyoyi, layin dogo da tashar rarraba wuta da masana'anta ta bari, domin shimfiɗa irinsu sabo yakan fi ƙarfin ƙaramin gari.

Kan gidan tarihi ba mu daidaita ba. Masu goyon baya suna kawo Blaenavon ta Wales a Birtaniya, inda mahaƙar Big Pit ta rufe a 1980, ta buɗe a matsayin gidan tarihi a 1983, tsofaffin mahaƙa suka zama masu zagayawa da baƙi a ƙarƙashin ƙasa. Masu adawa suna cewa gidan tarihi ba ya ɗaukar ko kusa da yawan mutanen da mahaƙa ke ɗauka, suna kuma tuna mana cewa a garin ne aka buɗe shagunan littattafai a 2003 don jawo baƙi, da yawansu suka rufe ba da jimawa ba. A ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya. Tarihi na mayar wa gari mutuncinsa, abinci kuma sai an nemo shi ta wasu ƙofofin.

Reshen mata ya fara ɗaukar muryoyin tsofaffin ma'aikata da matan da suka riƙe gidaje bayan an sallami mazajensu. Wasu daga cikin waɗanda aka tsara ganawa da su sun rasu kafin a kai gare su, Allah ya jiƙansu. Aikin nan ba ya jira, muna neman ƙarin masu sa kai.

Game da kuɗi, kuɗin mambobi da gudummawarku ne suka ɗauki shekarar, mafi yawansu kuma gwajin ƙasa ya cinye. Ba mu ci bashi ba. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, an kuma tura wa kowane reshe kwafi.

A shekara mai zuwa kwamiti na ba da shawarar kowane reshe ya zaɓi gini ɗaya tak, wanda gwaji ya wanke kuma aka san mai shi, ya kai wa hukumar garinsa tayin rabi-da-rabi a kansa. Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan a babban taro tare da zaɓen sabbin shugabanni. Rassan da ba su kammala ƙidaya ba su miƙa takardunsu ga sakatare kafin ranar taron.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa