Kafin A Ƙirga Dashe, A Auna Ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu gyara wani lissafi da ya zama jiki a rahotannin sauyin yanayi. Da zarar damina ta kankama, sai a ji an dasa itatuwa kaza a Gombe, an raba dashe kaza a Bauchi, a ɗora da cewa za su shanye gurɓatacciyar iska tan kaza. Dashen abin yabo ne. Amma yawan ledojin da aka kwaso daga wurin raino daban, kabon da aka adana, wato sinadarin da itace yake cirewa daga gurɓatacciyar iskar ya riƙe, daban.

Ganye yana zuƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana, ya gina gangar itace da rassa da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane kilo ɗaya na kabon idan ya ƙone yana zama kilo 3.67 na iskar. Marke mai kaurin santimita 40 da tsawon mita 10 zai kai kimanin kilo 700 idan ya bushe, wato ya riƙe abin da ya haura tan ɗaya na iskar kabon. Dashen da bai wuce gwiwa ba kuwa ko rabin kilo bai kai ba. Ke nan mai gawayi ya kayar da marke ɗaya ko ƙirya ɗaya da hantsi, ya shafe aikin dashe fiye da dubu na wannan shekarar, in ma awaki da farin watan Maris sun bar su.

Babban rumbun kabon dai yana ƙarƙashin ƙafa. Mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500, wanda ya kusa ninka na cikin iska sau biyu. Ganye ya zube, saiwa ta mutu, gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye, mafi yawa ya koma sama ta numfashinsu. Ɗan abin da ya rage shi ke manne wa laka ya yi shekaru, kuma shi ne baƙin da manomi yake gani ya ce gona tana da ƙarfi.

Rumbun nan yana yoyo idan zafi ya ƙaru. A 2020 Andrew Nottingham da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama. Sun binne wayoyin lantarki a ƙasar kurmi, suka ɗumama ta da digiri 4 har shekara biyu, sai iskar kabon da take fitarwa ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari. Kurmin Panama ba dajin Yankari ba ne, kada a ɗauko adadin a liƙa mana. Tamu ƙasar tana bushewa fiye da wata shida, halittun cikinta su yi likimo. Asararmu tana zuwa ne da ruwan farko: ƙasa ta sha rana tsirara, ruwa ya sauka, halittun su farka gaba ɗaya su cinye ruɓin da ya taru, iskar ta fita da yawa cikin 'yan kwanaki. H. F. Birch ya bayyana wannan tun 1958 a Gabashin Afirka.

To, yaya ake aunawa? Aikin ba ya buƙatar kayan miliyoyi. A raba gona ko daji bisa irin ƙasarsa, jigawa daban, laka daban, fadama daban. A kowane ɓangare a haƙa wuri 15 zuwa 20 ana tafiya a karkace, a kauce wa suri da tsohon juji da inda aka taɓa toya gawayi. A share ganyen sama, a ɗebi ƙasa zuwa zurfin santimita 30, gara ma a raba 0 zuwa 10 da 10 zuwa 30, don canji ya fi saurin bayyana a sama. A gauraya a bokitin roba, a ɗebi rabin kilo, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a rubuta wuri da rana a jikin leda.

Abin da aka fi mantawa shi ne nauyin ƙasar. Ana buga zoben ƙarfe da aka san cikinsa a gefen rami, a ciro shi cike ba tare da an danne ba, a busar a digiri 105 har nauyi ya daina sauka, a ɗora a sikeli. Sai a ninka abu uku: kason kabon, nauyin ƙasa, da zurfi. Misali, ƙasa mai kabon kashi 0.5 cikin ɗari, mai nauyin giram 1.5 a kowane murabba'in santimita mai zurfin santimita ɗaya, zuwa zurfin santimita 30, tana da tan 22.5 a hekta. Yawancin gonakin tudu a yankinmu ba sa kai kashi ɗaya cikin ɗari.

A nan ake tafka kurakurai. Burtali ko gonar da shanu suka tattake tana daskarewa, sai santimita 30 ya ƙunshi ƙasa fiye da da, lissafi ya nuna kabon ya ƙaru alhali ba abin da ya ƙaru sai tauri. Inda akwai tsakuwa da marmara, in ba a cire nauyinsu ba adadin zai kumbura. Gwajin Walkley da Black na 1934, wanda ɗakunan gwajinmu suka fi amfani da shi, kusan kashi uku cikin huɗu na kabon yake kamawa, shi ya sa ake ninka sakamakon da kimanin 1.3, wani ɗakin ya ninka, wani ya manta, sai a kwatanta su a ce ƙasa ta farfaɗo. Idan aka ƙona samfur don a ga nauyin da ya ragu, baƙar lakar nan mai tsagewa da rani tana sakin ruwan da ke ɗaure a jikinta, a lissafa shi a matsayin ruɓi. A wajen Funakaye kuma, inda dutsen siminti yake, na'urar da ke ƙona samfur don auna kabon za ta haɗa da kabon na dutse in ba a fara zuba wa samfurin asid ba. Sannan ƙasa ba ta gaggawa. Wanda ya auna bana ya sake aunawa baɗi ya zo da labarin nasara, bambancin ramuka ya auna. Sai an ba ta shekara biyar ko fiye, a koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, a kai ɗakin gwaji ɗaya.

Itace a tsaye ya fi sauƙi: tef ɗin tela a zagaya gangar a tsayin mita 1.3, a raba da 3.14 a sami kauri, a haɗa da tsawo da irin itacen. Irin yana da muhimmanci, don kuka duk girmanta jikinta ruwa ne da laushi, ba za ta yi gogayya da ƙirya ba.

Abin da ke ƙara kabon a gona kuwa manoma sun riga mu sani. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba gero rana da taki. Kututturen kalgo da sabara idan aka bar masa reshe biyu ko uku a sassabe, saiwarsa ta riga ta yi nisa, yana tsere wa dashen leda nesa ba kusa ba. Da wannan dabarar manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa a miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980. Kara shi ne mai wuya, don dabba tana so, murhu yana so, danga tana so. Ko kashi ɗaya cikin uku aka bari kwance maimakon a tara a cinna wuta, ƙasa za ta sami inuwa lokacin bazara. Daji kuma in ƙuna ya zama dole, wutar Nuwamba da ciyawa ke da sauran danshi ba ta kashe ƙananan itatuwa kamar ta Fabrairu.

Roƙonmu, Malam Edita, wakilanka su riƙa komawa wuraren da aka yi bikin dashe a watan Afrilu, su ƙirga masu rai. Duk wanda kuma ya zo wa manoma da zancen kuɗin kabon, wato biyan su don kabon da aka ce gonakinsu sun adana, a tambaye shi zurfin da ya haƙa, da ranar da ya fara aunawa, da ko ya auna nauyin ƙasar.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kimiyyar ƙasa da gandun daji,
Bauchi.