Godiya Ga Hajiya Mai Girki Da Yaranta Kan Walimar Sallarmu

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana. Na yi miki godiya ta waya, amma raina bai kwanta ba, shi ya sa na rubuto wannan inda jama'a za su gani, domin yabon gwani ya zama dole.

Tun bayan rasuwar Baba, wunin zumunci na kashegarin Babbar Sallah a wuyana yake. Dangi na Zariya da na Gumel da na cikin gari duk a gidanmu na Gwammaja ake haɗuwa, in aka haɗa da yara mukan kai mutum 80. Bara da kanmu muka yi girki. An dafa shinkafa tun bayan asuba aka zuba a kuloli, wasu ba a buɗe su ba sai bayan la'asar. A daren nan yara huɗu da gwaggona suka kwana da amai da gudawa, har sai da aka yi wa gwaggo ƙarin ruwa. Abin ya tsaya mini a rai shekara guda cur, shi ya sa bana na nemo ki.

Kin zo duba gida ana gobe Arfa, kuma kafin mu yi maganar kuɗi ko yawan tukwane, sai kika tambaye ni inda muke ajiye janareta. Na nuna miki lungun da ke jikin soro, wurin da dattawa za su zauna. Kika ce lallai sai ya fita waje, nesa da ƙofa da taga. Na kawo maganar ɓarayi, kika ce a sa masa sarƙa. Kika yi mini bayani cewa a cikin hayaƙinsa akwai iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci, ya ɗauka gajiyar Sallah ce ya kwanta, wani daga nan ba ya tashi. Mun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari an tarar da su haka, amma ban taɓa kawo gidana a ciki ba sai ranar.

Haka kika yi da tukunyar gas ɗinmu. Yarinyarki ta dama ruwan sabulu ta shafa a kan tukunyar da jikin tiyo, sai ga kumfa tana tasowa a wani wuri da ido bai ga tsaga ba. Watanni ke nan uwargida tana cewa tana jin ɗan wari a kicin. A take kika sa aka sayo sabon tiyo.

Ranar wuni kun iso kafin rana ta fito. An kafa murhu a can ƙuryar tsakar gida, aka gitta benci biyu don kada yaro ya ratsa. Na lura wuƙa da katakon yankan ɗanyen naman layya daban suke da na yanka kabeji da tumatir, kuma ga buta da sabulu a gefe, ba mai taɓa abinci sai ya wanke hannu. Shinkafa kashi biyu kika dafa ta, ta rana daban ta yamma daban, ko da yake hakan ya ƙara muku wahala. Kin ce dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ko dai ya zauna da zafinsa ko ya shiga firiji. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta ce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ke nan, mai zafi ya haura digiri 60, mai sanyi ya yi ƙasa da 5. Kunun aya ma kin ƙi yarda a yi shi tun dare, kika ce ba ya jure zafin Kano, da safe aka markaɗa aka jera a cikin ƙanƙara. Su kawu masu ciwon suga kuwa an yi musu zoɓo da citta ba sukari, kuma sun yi ta sa albarka.

Abin da ba zan manta ba ya faru wajen ƙarfe biyu. Ana suyar nama, man ya yi zafi sosai, sai wuta ta kama a cikin kaskon. Mata suka ɗauki salati, ɗan yayana ya sungumo bokitin ruwa da gudu. Babban yaronki ya daka masa tsawa ya tare shi da hannu, wata ta kashe gas, shi kuma ya ɗora babban murfin ƙarfe a kan kaskon ya ce kowa ya ja baya, kada a buɗe. Wutar ta mutu a wurin. Daga baya ya zaunar da yaron cikin natsuwa ya nuna masa cewa da ruwan nan ya shiga tafasasshen mai, da wutar ta yi sama ta fantsamu a jikin duk wanda ke kusa. A lokacin jikokin Baba guda uku suna bayan bencin nan.

An ci waina da miyar taushe, an ci soye da dambun nama, yara sun yi ta tsalle-tsalle har magariba. Da hadari ya taso da yamma, rumfunan da yaranki suka ɗaure da igiya ko gezau ba su yi ba. Abin da ya rage kika sa aka raba wa maƙwabta da almajirai tun da ɗuminsa, ba a bari ya kwana ba. Kashegari na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ta waya, kowa ya tashi garau, gwaggo har tana tambayar ko akwai sauran dambu.

Allah Ya sa wa kasuwarki albarka, Ya tsare ki da yaranki daga sharrin wuta da ƙarfe, Ya saka wa iyayenku da Aljanna. Ki miƙa gaisuwata ta musamman ga babban yaronki. In Allah Ya kai mu baɗi, tun watan Zulƙida zan turo a rubuta sunan gidanmu.

Wassalam,
Wani magidanci daga Gwammaja, Kano