A daina yi wa ƙofar gareji fentin katako da tsakar rana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan wani ado da ke ƙara yawa a nan Garwa, wato yi wa ƙofar gareji ta ƙarfe fenti har ta fito da zane irin na jikin katako. Ni kaina na sa an yi mini, kuma sai da na biya kuɗin aikin sau biyu.

Ban ga laifin masu son abin ba. Katakon kirki daga dazukan kudancin Kamaru yake fitowa, jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngaundere, manyan motoci su ƙaraso da shi, ya iso mana da tsada. Mai araha kuwa gara ce ke cin rabonta, bushewar hunturu ta tsattsaga saura.

Aikin yana da tsari. Ana kankare tsatsa da samfefa, a goge maiƙo, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Bayan ya bushe sai a bi da fenti mai haske, kamar launin zuma, shi ma a bar shi ya kwana. Daga nan ne ake shafa mai duhu, a ja shi tun yana ɗanye da busasshen buroshi ko wata roba mai haƙora kamar mataji, ana ɗan karkata hannu domin idon itace ya fito. Asirin duka yana ga ɗanyantar nan, kuma ita ce zafin garinmu ba ya bari ta daɗe.

Mai fentin farko ya yi mini nawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, bayan azahar, ga ƙofar tana kallon yamma. Kafin ya kai roba, fentin ya kama jikin ƙarfe, sai ya yi ta tsinka shi da fetur, abin ya fito kamar an yaɓa laka, damina guda kuma ta ɓamɓare shi. Na biyu, wani dattijo marar gaggawa, ya ce in jira ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke kuma ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Da an idar da sallar asuba yake farawa, yana bin ƙofar fanni-fanni, zanen na bin tsawon kowane fanni kamar yadda kafinta zai jera allunansa. Ya kuma hana ni launi mai duhu sosai, domin yana jan zafi, muka tsaya a ja-ja irin na maɗaci, ya rufe da banish, wato man sheƙin nan marar launi, irin wanda ke jure rana da ruwa.

Don haka ina kira ga masu gidaje da su sa yawan kwanaki cikin ciniki tun farko. Nawa kwana huɗu ya ci.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Garwa, Kamaru