Rahoton Kammala Gyaran Cocin Bitrus da Bulus na Titin Queen, Singafo

'Yan'uwa cikin Almasihu, da farin ciki muke sanar da ku cewa aikin da kuka ɗora mana ya kammala. A watan Maris na 2016 aka sake buɗe ƙofofin cocin, jama'a suka koma yin sujada a ɗakin da kakanninsu suka gina.

Kafin mu taɓa ko bulo ɗaya, sai da muka zauna muka karanta tarihin ginin, domin shi ne ya nuna mana inda za mu dosa. Fada Pierre Paris, ɗan mishan daga Faransa, shi ya jagoranci gina shi a 1869 zuwa 1870, saboda Sinawa Katolika da suka yi yawa a babban cocin garin. Da farko tare da Indiyawa ake sujada, har suka samu nasu cocin a 1888. Sinawa masu jin yarukan Kantonis da Hakka suka koma cocin Titin Tank a 1910, masu jin yaren Hokkiyen kuma suka samu cocin Tereza a 1929. Duk daga wannan gida suka fita. Fada Paris ya rasu a 1883, kuma a cikin cocin aka binne shi, saboda haka duk lokacin da magina suke aiki a ƙasa muna tuna musu wanda yake kwance a wurin.

Abin da ya fi gaggawa shi ne rufi, wanda ya tsufa ƙwarai. An gyara shi, an sabunta fitilu da na'urorin sauti da na sanyaya ɗaki.

Inda muka fi daɗewa muna shawara shi ne gyaran da aka yi wajen 1969, lokacin cikar cocin shekara 100. A wancan aikin an cire tsohon babban bagade, an kuma ɗebe tayil mai zane da ke shimfiɗe a ƙasa. Ba ma zargin waɗanda suka yi hakan, da kyakkyawar niyya suka yi, kuma abin da ake yayi ke nan a zamaninsu. Amma a ganinmu ginin ya yi hasarar kamanninsa. Muka tsai da shawara cewa ba faci kaɗai za mu yi ba, za mu maido da abin da ya ɓata gwargwadon iko. An shimfiɗa tayil irin na da, an samo babban bagade mai kama da wanda aka rushe, an kafa shi, an kuma mai da shingen da ake durƙusawa a gabansa. Tun da gwamnati ta ayyana cocin cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 2003, ba ma canza komai sai da amincewar hukuma. Hakan ya ƙara mana jira, amma mun yarda da dalilinsa.

Aikin ya ci kimanin dalar Singafo miliyan 8. Muna miƙa godiya ga duk wanda ya ba da gudummawa, mai yawa da mai kaɗan, da limaman ƙungiyar Karmel ta Katolika masu kula da wannan ikilisiya, da maginan da suka yi haƙuri da mu.

Roƙonmu ga masu share ɗakin: a riƙa goge sabon tayil da ruwa da tsumma mai laushi, kada a zuba masa sinadari mai ƙarfi, kada kuma a ja benci a kansa. Wanda ya ga ɗigon ruwa daga sama ya sanar da ofishin coci a ranar.