A fara koya wa yara sautin haruffa da Hausa

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake koyar da karatu a makarantun firamare na Kaduna. Kwanan baya na rubuta wa jikata, wadda take aji uku, kalmar "gida", sai ta kira sunayen haruffan da Turanci, ji, ai, di, ei, amma ta kasa haɗa su. Tana rera haruffa 26 babu tuntuɓe, sai dai ba a taɓa nuna mata sautin da kowannensu yake bayarwa ba.

Abin mamaki shi ne dabarar koyar da karatu ta sautin haruffa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya soma haɗawa da kansa. Rubutun boko na Hausa ma ya dace da wannan hanya, tun da kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, har da ɓ, ɗ da ƙ. Yaron da ya san baƙi da wasali zai gina gaɓa, ba, be, bi, bo, bu, daga nan ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Gaskiya ne ba ma nuna tsayin wasali da karin sauti a rubutu, amma mai jin Hausa yakan gane su daga ma'anar jimla. Turanci kuwa, tsarin koyar da karatunsa ta sauti mai suna Jolly Phonics sautuka 42 yake koyarwa, nauyin da bai kamata a fara ɗora wa yaron da bai ji harshen ba tukuna.

An gwada fara karatu da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin shirin Mu Karanta, saboda haka akwai inda za a duba. Damuwata ita ce malamai. A 2017 gwamnatin jiharmu ta bayyana cewa malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, aka ɗauki sababbi, kuma sabon malami yana buƙatar horo a kan koyar da sauti.

Ina kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Kaduna da ta horar da malaman aji ɗaya zuwa uku, ta kuma ba kowane yaro littafin karatu na Hausa da zai tafi da shi gida.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.