A Daina Goge Ki Da Sunan Ƙara Wa Inji Wuta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake taɓa wutar ƙananan injuna a garin nan da ka, babu awo. Ni mai gyaran injin markaɗe ne da janareta da injin ban ruwa. A soron gidanmu da ke Ɗorayi nake aiki, na kuma haura shekara talatin hannuna cikin baƙin mai.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowa dabarar da injinsa zai rage sha yake nema, kuma ban ga laifin kowa ba. To sai wasu yara masu gyara suka fito da wani salo. Su kwance faifan nan mai maganaɗisu da igiya ke juyawa, su ciro ɗan ƙarfen da ke riƙe shi daidai a kan karanshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji), ƙarfen da muke ce wa ki, su goge shi da magagari ko su jefar da shi su cusa guntun ƙusa. Sai su murɗa faifan gaba kaɗan, su ce wa mai inji sun ƙara masa wuta, zai yi ƙarfi ya rage shan mai.

Makon jiya aka kawo mini irinsa. Maƙwabciyarmu ce, uwar marayu, da markaɗen wake da tattasai take riƙe gidanta. Ɗanta ya turo injin a baro, ita tana biye da hannu ɗaure da tsumma. Ta ja igiya ne da asuba, injin ya fizge ta baya ya gurɗa mata wuyan hannu. Na ce, "Yaya, wa ya taɓa miki shi?" Ta ce wani yaro ne a bakin titi, ya karɓi kuɗinta ya ce za ta ga canji. Da na buɗe, sai ga ki an ci gefensa ya zama kamar tsinken sakace. Wallahi raina ya ɓaci, don na san kwana nawa za ta yi ba ta samu ko sisi ba.

Ga abin da yaran nan ba a koya musu ba. Mai ba ya kamawa gaba ɗaya a take, yana buƙatar ɗan lokaci. Shi ya sa fulogi ke ba da wuta gab da fistin ya kai ƙololuwa, don ƙarfin ya same shi daidai lokacin da zai juyo ƙasa. A injin Honda GX160, wanda ya cika gari shi da masu kama da shi, a tsohon samfurinsa digiri 25 ne na juyin karanshaf kafin ƙololuwa, kuma ki ɗin nan shi ke tsare wannan lissafi. Karanshaf mai kaurin santimita biyu, in ka ci milimita ɗaya daga ki, ka gusar da wuta kusan digiri shida. Milimita ɗaya fa, abin da magagari ke cinyewa kafin ka gama amsa sallama. In wuta ta yi sammako, sai ta tari fistin yana kan hawa ta danna shi baya: igiya ta fizge hannu, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana ɗaukar zafi, wata rana a wayi gari fistin ya huje. In kuma ta makara, ƙarfi ya tafi, salansa ta yi jajir, man da ake tattali a ƙone shi a banza.

Kada a ce ina ƙin a canza wa inji tsarin wuta. Ni ma na yi, kuma ina alfahari da shi. Akwai tsohon injin Briggs & Stratton da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na zamanin kwantak (ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don ba da wuta) da kwandensa ne, kafin kamfanin ya koma tsarin Magnetron marar kwantak a 1982. Duk damina sai na kwance shi na goge bakin kwantak, don laima da mai ba sa barin sa ya zauna lafiya. Da na gaji, sai na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo ɗan akwatin tiransista mai yin aikin kwantak, bai kai kwalin ashana ba. Na cire kwantak da kwandensa, na toshe ramin da ƙaramar sandar tura kwantak ke fitowa don kada mai ya tsiyayo. Waya ɗaya na haɗa da kwayil, ɗaya da jikin inji. Na ɗaure akwatin inda iskar faifan ke bugawa, saboda zafi ne ke kashe shi. Wayar kashe inji na mayar da ita yadda take, wadda na ga wasu na yankewa su bar mace tana neman tsumman da za ta fizge hular fulogi da shi. Tazarar kwayil da maganaɗisu na auna, bakin fulogi na sa shi tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Ki kuwa sabo na sa, na zaunar da shi a gurbinsa. Ki na irin wannan inji da gangan aka yi shi da ƙarfe mai taushi, don in wani abu ya cije shi ya karye a madadin karanshaf. Mai sa ƙusa ya rushe wannan kariyar. Yanzu ko da sanyin hunturu ja ɗaya injin ke tashi.

Maganar rage shan mai kuma, abin da idona ya gani shi ne: wanke matatar iska, musamman in ƙurar hunturu ta sauka, da tsabtace kafireta, da fulogi mai kyau. Su ne ke rage sha. Sannan don Allah a daina gwada wutar fulogi a bakin raminsa ko kusa da jarkar fetur. Wutar ta haura bolt dubu goma, sorayenmu kuwa ƙanana ne, yara na shiga suna fita.

Kirana ga iyayen gida masu gareji shi ne kada a yaye yaro bai iya awo ba. Ma'aunin tazara, mai siraran ƙarafa kamar reza, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai ka zaga gareji da yawa ba ka gan shi ba. Ina kuma roƙon Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta duba yiwuwar buɗe wa yaran gareji ɗan aji ranar Asabar ko Lahadi a makarantunta, a koya musu lokacin wuta da Hausa, da inji a gabansu. In aka neme ni zan ɗauko injin mahaifina in zo, ba na buƙatar ko kwabo.

Maƙwabciyar tawa na sa mata sabon ki, injin ya dawo daidai. Hannun ne dai har yau bai saki ba, ɗanta ke tayar mata da shi kafin ya wuce makaranta.

Naka,
Mai gyaran ƙananan injuna,
Ɗorayi, Kano.