A Koya Wa Matasanmu Zanen Gilashi

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu koyar da sana'o'in hannu a Maradi ga zanen gilashi irin wanda ake gasawa. Fentinsa garin gilashi ne da sinadarin ƙarfe, ana kwaɓa shi da ruwa da ɗan ƙaro, kuma ba ya kama jikin gilashi sai zafin tanderu ya kai kusan digiri 650. A gwajina na farko na yi garajen buɗe tanderun, gilashin ya tsage a idona, domin sannu a hankali yake hucewa. Tanderun ya fi ƙarfin aljihun almajiri, shi ya sa nake ganin cibiyoyin horo ne ya kamata su tanade shi.

Naka,
Wani mai karatu daga Maradi